Laushin Kuloci a Tsohuwar Mota: A San Cuta Kafin a Sayi Magani



Dukan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, ya kuma ba shi basirar sarrafa shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya shugaban wannan zama, da iyayenmu dattawan sana'a, da shugabannin tasha, da 'yan'uwa direbobi da makanikai, da ku samari masu koyon aiki, abin da aka ɗora mini in yi bayani a kansa yau shi ne laushin kuloci a tsohuwar mota, watau halin nan da direba zai ɗora ƙafar hagu bisa feda, maimakon ya ji tana ture ƙafar yadda ya saba, sai ya ji ta yi laushi tuɓus, ta nutse ƙasa ba gardama, giya kuma ta ƙi shiga sai da karta. Mai yiwuwa wani ya ce mas'alar ta yi ƙanƙanta da a tara mutane dominta, amma duk wanda ya taɓa ɗauko buhunan masara daga kasuwar Ɗandume, ko kwandunan tumatir daga fadamun Ɗanja, giya ta ƙi shigar masa a tsakiyar daji ga rana tana shirin faɗuwa, a wannan zamani da kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki ta fuskar tsaro, ba zai yarda a kira ta ƙaramar mas'ala ba.

Ƙasar nan tamu, daga Funtuwa zuwa Bakori, da Ƙafur, da Malumfashi, har Faskari da Ƙanƙara, tun fil azal arzikinta a gona yake, amfanin gona kuwa ba ya zama kuɗi sai an kai shi inda ake bukatarsa. A ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratso Funtuwa, ya riƙa kwashe audugar da gidan gurza ke ɗaurewa. A shekarar 1975 aka soma shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, aka shimfiɗa hanyoyin burji cikin ƙauyuka, a shekarar nan kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, har 504 da a-kori-kurarta suka zama ƙafar manomi da ɗan kasuwa. Yau jirgin ya yi shiru, nauyin duka ya dawo kan mota, motocin kuwa galibinsu tsofaffi ne: ko ragowar na Kaduna, ko waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a Turai kafin su iso mu ta Kwatano da Legas. Wanda rayuwarsa ta rataya ga tsohuwar mota, wajibi ne ya iya sauraron kokenta.

Jigon maganata guda ne. Laushin feda alama ce, sababinta kuwa yana iya zama ɗaya daga cikin abubuwa shida ko bakwai, waɗansu ana gyara su da kuɗin kwanon masara, waɗansu sai an sauke giyabos an kwana a gareji. Kuskuren da ya yi yawa a cikinmu shi ne a yanke hukunci tun ba a saurari shaidu ba: mai mota ya ce kuloci ya yi laushi, a ce masa filet ya cinye, a tura yaro kasuwa, a sauke giyabos, a ɗaura sabo, a tayar da mota, sai a iske feda tana nan yadda take. Malaman usulul fiƙhu suna da wata hanya ta gano dalilin hukunci da suke kira sabru da taƙsimi, watau a jera dukan abubuwan da ake zaton ɗayansu ne sababi, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya da jarrabawa, ana zubar da wanda hujja ta kore, har a tsaya kan wanda ya rage. Wannan tartibi shi nake roƙon mu ɗauka, tare da sharaɗi ɗaya: a fara daga waje a nufi ciki, a fara da mai araha a ƙare da mai tsada.

Kafin a jera waɗanda ake tuhuma, sai an san yadda abin ke aiki a halin lafiya. A bayan inji akwai fulawil, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa an ɗaure murfin matsi, mai ɗauke da wani sifirin mai faɗi, mai yatsu da suka nufi tsakiya. Tsakanin fulawil da murfin nan faifan kuloci yake, wanda makanikai ke ce wa filet, shi ne kuma ke haɗe da sandar giyabos. Sa'ad da ƙafa ba ta kan feda, sifirin ya danne faifan ga fulawil, inji da giyabos suna juyawa tare. In an taka feda, sai wani ƙarfe mai reshe biyu, watau fok, ya tura rilis boris a kan yatsun sifirin, matsi ya saki, faifai ya 'yantu, giya ta samu damar shiga. To, ga ƙa'idar da nake so kowane yaron gareji ya haddace: nauyin nan da ƙafa ke ji a feda, ƙarfin wannan sifirin ne. Saboda haka in nauyin ya ɓace, ɗayan biyu ne babu na uku: ko dai ƙarfin ƙafa yana salwanta a hanya bai isa ga sifirin ba, ko kuwa sifirin da kansa ya gaza. Na farko shi ne galibi, na biyu kuwa nadiri ne.

Hanyar da ƙarfi ke bi daga ƙafa zuwa fok iri biyu ce. Waɗansu motoci da kebul suke, alal misali Volkswagen Beetle ta da, da Golf 2, da yawancin Golf 3 masu ƙaramin injin fetur. Waɗansu kuma da man birki suke aiki, kamar Peugeot 504 da 505, da Toyota Hiace da Hilux, da Mitsubishi Canter. A cikin waɗannan, feda tana tura fistin a cikin kulocin sama, mai ya bi bututun ƙarfe da ɗan tiyo na roba, ya je ya tura fistin na kulocin ƙasa, shi kuma ya tura fok. Hikimar da ke ciki wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana ta tun a ƙarni na 17: ruwan da aka tsare a mazubi rufaffe, in aka matsa shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa ko'ina bai ragu ba. Kowa yana iya gwadawa da sirinjin allura. A cika shi da ruwa, a toshe bakinsa da ɗan yatsa, a danna, za a ji ya tsaya ƙyam. A zubar da rabin ruwan a bar iska a madadinsa, a sake dannawa, za a ji yana shiga yana dawowa. Ruwa ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, mafi yawan laushin feda kuwa daga nan yake.

Matakin farko ba ya bukatar sifana, tambaya ce. A tambayi direba: laushin nan farat ɗaya ya zo, ko a hankali cikin makonni? Da safe ya fi, ko bayan an yi tafiya mota ta ɗau zafi? In an bubbuga feda sau uku ko huɗu takan farfaɗo? Yana ƙara mai, in yana ƙarawa wane iri, kuma sau nawa? An taɓa wani aiki a motar kwanan nan? Abin da ya zo farat ɗaya yana nuni ga abin da ya fashe ko ya karye. Abin da ya zo sannu-sannu yana nuni ga roba da ta gaji ko yoyo ƙarami. In kuwa direba ya ce jiya aka ɗaura masa sabon filet da murfi, yau ya ji feda ta yi sauƙi, giya kuma tana shiga lami lafiya, to babu cuta ko kaɗan, domin a al'ada kuloci yana ƙara tauri ne yayin da yake cinyewa, ƙafarsa ce ta saba da tsohon.

A nan ne ya kamata a raba tsakanin cututtuka biyu da jama'a ke cakuɗawa. Akwai kulocin da ba ya kamawa, akwai wanda ba ya saki. Wanda ba ya kamawa shi ne mai suluɓewa: mota ta ɗauki lodi ta fuskanci hawa, a ba ta wuta inji ya yi ta ruri gudu bai ƙaru ba, ga ƙauri yana tashi. Wannan kam galibi filet ne ya cinye, ko mai ya jiƙa shi, sau da yawa kuwa haifaffen lodin da ya wuce kima ne, da ɗabi'ar ajiye ƙafa a kan feda ana tafiya. Wanda ba ya saki kuwa shi ne abokin feda mai laushi, gwajinsa kuma mai sauƙi ne. In inji na kashe giya tana shiga duka, in an tayar ta ƙi, kuloci ne ba ya saki, giyabos ba shi da laifi. A ƙara tabbatarwa da ribas: inji na silo, a taka feda har ƙasa, a dakata kamar daƙiƙa 5, a sa ribas, da yake a yawancin tsofaffin motoci ribas ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora, in kuloci bai saki sarai ba nan take za ta yi karta.

Mataki na biyu na ido ne. A buɗe bonet a duba ɗan kofin mai. In ya bushe ko ya yi ƙasa ƙwarai, an samu rabin amsa, sauran rabin shi ne ina man ya tafi, domin mazubi ne rufaffe, inji ba ya shan wannan mai, rana kuma ba ta ƙone shi. A lura, a waɗansu motoci birki da kuloci kofi ɗaya suke sha, amma an ɗora bakin da ke ba kuloci sama da na birki da gangan, domin in yoyo ya auku kuloci ya fara gazawa birki ya tsira. A irin wannan mota, laushin kuloci yana iya zama gargaɗi ne cewa birki ke yoyo, ko takalman birki sun cinye har mai ya sauka, wanda ya ƙara mai ya wuce bai duba ƙafafun mota ba ya yi wa kansa da fasinjojinsa sakaci babba. A dubi launin man kuma. Sabo garau yake, da ɗan rawaya-rawaya. In ya koma baƙi, robobin ciki ne ke narkewa a cikinsa.

Wuraren yoyo sanannu ne, amma ɗaya daga cikinsu yana ɓuya. Kulocin sama in ya yi yoyo ta baya, man ba ya ɗiga ƙasa inda za a gani, cikin mota yake gangarowa. Sai mutum ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya bi sandar da ta tashi daga feda ta shige bangon da ke tsakanin direba da inji. In ya iske robar bakin tana naso, ƙura ta manne ta zama laka mai maiƙo, fentin wurin ya kumbura yana ɓarewa, dardumar ƙasa tana da danshi, to ya kama ɓarawo, gama man birki yana cin fenti. Daga nan a bi bututu da hannu gaɓa-gaɓa, musamman inda ya gogi jikin mota ko ya yi tsatsa. A ƙarshe a shiga ƙarƙashi wurin kulocin ƙasa, a ɗaga robar da ke kare shi daga ƙura. Cikinta kamata ya yi ya zama busasshe, in mai ya zubo an gama magana. Robar nan, da yawanmu ba mu ɗauke ta bakin komai ba, alhali kuwa in ta yage, ƙurar hunturu da taɓon damina na hanyoyin burji suna shiga kai tsaye su kankare cikin silinda.

In mai yana nan cike, babu kuma yoyo a ko'ina, sai a koma ga mataki na uku, shi ne shaidar ƙafa. A bubbuga feda da sauri sau da yawa. In ta yi ƙarfi giya ta shiga, bayan an bar ta ɗan lokaci ta koma laushi, zato mafi rinjaye iska ce a cikin bututu. Sa'an nan a yi gwaji na biyu, wanda ke tona asirin yoyon ɓoye. A ja birkin hannu, a tabbata babu kowa a gaban mota, a taka kuloci har ƙasa, a sa giya ta ɗaya, a riƙe ƙafa a nan kamar rabin minti ko minti guda ba motsi. In aka ji muryar inji tana sauka, mota tana yunƙurin tafiya alhali ƙafa ba ta ɗaga ba, to robar fistin na kulocin sama ce ta gaji, mai yana zagayawa ta bayanta yana komawa kofi. Ga mai cike, ga ƙasa busasshiya, amma matsi yana zurarewa. Irin wannan feda takan yi aiki in an taka ta da zafin nama, ta nutse in an taka ta a hankali, kuma ko an kwana ana cire iska ba za ta warke ba.

Mataki na huɗu aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna yana taka feda, ɗaya ya kwanta yana kallon sandar kulocin ƙasa. A yawancin ƙananan motoci tafiyarta takan kai santimita 1 da rabi, ko ta ɗan gaza ko ta ɗan haura, littafin kowace mota kuma yana faɗin nata. In sandar ta motsa kaɗan, ko ta fita sa'an nan ta riƙa ja da baya ƙafa tana ƙasa, laifin yana sama da ita, a ɓangaren mai. In kuwa ta yi cikakkiyar tafiya ta tsaya daram, amma giya ba ta shiga, to ɓangaren mai ya kuɓuta, tuhuma ta koma ciki. Wanda yake son yaƙini tsakanin na sama da na ƙasa, sai ya kwance bututu daga bakin kulocin sama, ya toshe bakin da noti mai zare daidai, ya taɓa feda da hannu a hankali: lafiyayye zai tsaya tauri bayan 'yar tafiya kaɗan, mai ciwo zai ci gaba da nutsewa. A lokacin kallon nan kuma a riƙe tiyon roba a tafin hannu. In ana ji yana kumbura duk sa'ad da aka taka, to ƙarfin ƙafa a cikinsa yake ƙarewa, sai a sake shi.

Kada a manta da feda ita kanta. Motar da ta shekara talatin tana jigila tsakanin Malumfashi da Funtuwa, an taka fedarta abin da ba ya ƙidayuwa, ƙusar da ta haɗa feda da sandar kulocin sama takan cinye, raminta ya tashi daga zagayayye ya zama dogo, sai rabin takun ya tafi a banza kafin fistin ya motsa. A kama feda da hannu a girgiza, za a ji lakwakwa. Sandar nan kuma a motoci da yawa tana da zaren sati, satin kuwa yana da haddi ta fuska biyu: in wasa ya yi yawa kuloci ba zai saki ba, in an ɗaure har babu wasa ko kaɗan, fistin zai rufe 'yar ƙofar da mai ke komawa kofi, mota na ɗaukar zafi mai ya faɗaɗa, kuloci ya soma suluɓewa. Da yawa an ƙone sabon filet ta wannan hanya, da niyyar a ɗaga feda.

Masu kebul lissafinsu ya fi gajarta, tun da babu mai balle iska. Kebul silin-silin ƙarfe ne da aka tufka, in sun fara tsinkewa ɗaya ɗaya sai ya miƙe, feda ta sauka ƙasa, wani lokaci da ɗan kartar da ƙafa ke ji. A duba bakinsa biyu, a duba inda rigarsa ta tokare jikin mota ko ƙarfen wurin ya tsage yana lanƙwasawa. Beetle tana da noti mai fukafukai a bayan giyabos da ake murzawa da hannu a rage wasa, Golf kuwa galibi kebul ɗinta yana da na'urar da ke daidaita kanta, wadda in ta ƙafe ko haƙoranta suka cinye sai feda ta faɗi. Kebul da ya fara tsinkewa ba a lallaɓa shi, domin ranar da zai yanke ba ya shawara.

Sai bayan an kore waɗannan duka ne ya halatta a ce a sauke giyabos. A ciki abin da ake nema shi ne fok da ya tsage ko ya lanƙwashe, ko dunƙulen ƙarfen da fok ke jingina a kansa ya cinye har ya huda shi, ko rilis boris da ya tarwatse, ko yatsun sifirin da suka cinye ko suka karye. Galibi waɗannan sukan yi sallama kafin su iso: kuka ko shiƙa in an taka feda, rawar feda a ƙarƙashin ƙafa, ko wata ƙara guda da direba zai ce ya ji kafin feda ta faɗi. Akwai kuma motocin baya-bayan nan da aka haɗe kulocin ƙasa da rilis boris wuri guda a cikin ƙoƙon giyabos; alamarsu ita ce mai yana raguwa, babu yoyo a waje, sai ɗigo a gindin ƙoƙon. In har an sauke, hikima ita ce a duba filet da murfi da boris da silin bayan inji gaba ɗaya, don kada a biya ladan sauke giyabos sau biyu.

Yanzu bari in tsaya kan man da muke zubawa, domin a nan ne muke haifar da yawancin cutar da hannunmu. Man birki da aka rubuta wa DOT 3 ko DOT 4 yana da ɗabi'ar shan danshi daga iska. Bisa ƙa'idar da hukumar sufuri ta Amurka ta gindaya, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, DOT 4 kuwa 230. Amma in suka sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, haddin yana sauka zuwa 140 da 155. A kuloci tafasar ba ta cika aukuwa ba sai inda bututu ya kusanci salansa, babbar ɓarnar ruwan ita ce tsatsa, wadda ke yi wa cikin silinda ƙananan ramuka, ramukan kuma su yayyanka roba. Saboda haka man da aka tsiyaya daga buɗaɗɗen galan, ya kwana a bakin titi cikin watan Agusta ana sheƙa ruwa, ya riga ya tsufa tun ba a zuba shi ba. Masu ƙera motoci da yawa suna umurni a sake man duk shekara 2. Mafi muni shi ne abin da waɗansu ke yi in sun matsu: ruwan garin sabulu, ko baƙin mai, ko man giya, ko na sitiyari. Ruwan sabulu tsatsa yake haifarwa cikin kwanaki, man da aka samo daga fetur kuwa kumbura robobin yake yi su lalace baki ɗaya. Wanda larura ta tilasta masa haka a daji, to ya sani ya ci bashi, da isarsa gari sai a wanke bututu a sake robobi duka.

Game da cire iska, aikin sananne ne, amma tartibinsa ake ɓatawa. A cika kofi, yaro ya zauna a kan feda, maigida ya sa ɗan tiyo mai haske a kan nonon kulocin ƙasa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. A ce, "Buga!" ya buga, a ce, "Riƙe!" ya riƙe a ƙasa, a buɗe nono, kumfa ta fita, a rufe, sa'an nan a ce, "Saki!" In yaro ya ɗaga ƙafa kafin a rufe, iskar da aka kora ta dawo, in aka bar kofi ya bushe a tsakiyar aiki, an koma farko. Da yake iska sama take nema, nonon dole ya kasance a saman silinda, kuma in ta gagara fita ta ƙasa, sai a tura mai daga nonon zuwa sama da babban sirinji har kumfa ta ɓullo a kofi. Amma a tuna, iska ba ta shiga sai ta ƙofa. In an cire ta yau ta dawo jibi, ƙofar za a nema.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: a sa kit, ko a sayi sabo? Amsar tana cikin silinda. A wanke shi, a ɗaga shi ga hasken rana, a zura ɗan yatsa. In sumul yake, robobi masu kyau sun wadatar. In farce yana maƙalewa a rami ko zane, sabuwar roba ba za ta yi ƙarko ba, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo ta ko daga Panteka ta Kaduna. Kuma tun da na sama da na ƙasa mai ɗaya suka sha, shekaru ɗaya suka yi, in ɗaya ya mutu a duba ɗan'uwansa da kyau kafin a sallami mota.

Ya ku 'yan'uwana makanikai, mai mota da ya miƙa muku makulli ya ba ku amanar abin da bai sani ba, ba shi da hanyar gane ko filet ɗin da aka cire yana da sauran rai. Wanda ya sauke giyabos alhali roba ce ta gaji, ko da jahilci ya yi ba da algus ba, ya ci kuɗin da bai wajaba a kashe ba, ya kuma hana mutum aikin kwana biyu a tsakiyar kaka. Ku nuna wa mai mota abin da kuka gani da idonsa, ku mayar masa da tsohon abin da kuka cire, ku koya wa yaranku dalili tare da aiki. Ku kuma direbobi, ku riƙa buɗe bonet kowace safiya kuna duba kofin nan yadda kuke duba ruwa da baƙin mai, ku ajiye gwangwani rufaffe na man birki a mota, in feda ta fara sauya hali ku kai ta gareji a ranar, tun kuna cikin gari. Dabarar tayar da mota a cikin giya da sauya giya ba kuloci, ta fitar da kai daga wuri mai hatsari ce kawai, ba ta ɗaukar fasinja ba.

Tartibin dai shi ne: a tambaya, a duba kofi, a nemi yoyo, a gwada da ƙafa, a kalli sandar ƙasa, a girgiza feda, sa'an nan a sauke giyabos in hujja ta kai can. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu a hanyoyinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In akwai mai tambaya ko mai gyara daga cikin dattawa, ga ni a gabanku.